Mai gayya da ƴan gayya: tarihin haɗin gwiwar kiyaye daji da tabkuna a ƙasashen Ƙonni, Malbaza da Illela

0. Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa fassara takardar furoje daga Faransanci zuwa Hausa ya san wahalar da kalmar « participation » take bayarwa. Wani ya ce « sa hannu », wani ya ce « haɗin gwiwa », wani kuma « ba da gudummawa ». Tafintocin karkara kuwa sau da yawa sukan yanke hanya su ce « gayya », don ita ce manomi yake ganewa nan take. Wannan fassara ta ƙarshe ita ce ta ja hankalinmu. Gayya dai aikin taro ne, amma tana da ƙa'ida. Akwai mai gayya, wanda gonar tasa ce, shi ke kira, shi ke ciyarwa, shi ke girbe amfanin. Akwai kuma ƴan gayya, waɗanda sukan zo su yi aiki, su sha fura, su koma gida. Saboda haka idan aka kira mutanen gari gayyar dashen itace ko ta tsaron tabki, tambayar da ke fara zuwa a ransu, ko da ba su furta ba, ita ce: gonar ta wa ce?

Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin wannan tambaya cikin tarihin gundumomi uku na jahar Tawa, wato Birnin Ƙonni, Malbaza da Illela. Abin da muke son nunawa shi ne, a wannan yanki aikin kiyaye daji ya ɗore ne a inda talaka ya zama mai gayya, ya kuma lalace a inda aka bar shi ɗan gayya. Za mu nuna kuma cewa an warware wannan matsala a kan gonaki da itatuwa, amma ba a warware ta ba tukuna a kan tabkuna, inda yawancin tsuntsayen ruwa na yankin suke zaune.

1. Ƙasar da ake magana a kanta

Yankin yana kudancin Adar Dutsi, ƙasar tuddan duwatsu da kwaruruka suka tsattsaga. Manyan kwarurukan su ne na Badagishiri a ƙasar Illela, da na Majiya, wadda ke gangarowa daga wajen Buza, ta ratsa ƙasar Malbaza, ta wuce Ƙonni, ta ƙare a tabkin Kalmalo cikin Najeriya. Malbaza ta zama gunduma mai cin gashin kanta a 2011, da aka cire ta daga Ƙonni. Ya kamata mai karatu ya lura cewa Illelar da muke nufi ita ce ta Adar, mazaunin Sarkin Adar; akwai wata Illela ta jahar Sakkwato, wadda ke fuskantar Ƙonni a bakin iyaka.

Manomin yankin yana rarrabe ƙasa da sunaye: jigawa mai rairayi, inda ake shuka hatsi, fadama mai laka da danshi, inda ake dawa da lambu, fako, wato ƙasa mai tauri wadda ruwa ke gudu a kanta ba ya shiga, sai tabki, inda ruwan ke taruwa. Waɗannan huɗu a ɗaure suke da juna: ruwan da fako ya ƙi sha shi ke kwaso rairayi ya zuba a fadama da tabki. Za mu komo kan wannan a sashe na 4.

2. Zamanin masu ƙasa, da zamanin gandun daji

2.1. Littattafan Djibo Hamani a kan Adar kafin zuwan Turawa da na Nicole Echard a kan manoman Adar, waɗanda aka buga a 1975, sun nuna cewa iko a wannan ƙasa hawa biyu ne. A sama akwai sarauta: zuriyar Agabba, ɗan Sarkin Agadas, wanda ya ci Adar wajen 1674, ita ke riƙe da sarautar Illela, Ƙonni kuma tana da nata sarakuna, ta zauna ƙarƙashin Gobir, daga baya ƙarƙashin Sakkwato. A ƙasa akwai Azna, masu ƙasa, waɗanda kakanninsu suka fara sare daji. Labarin kafuwar garuruwa da dama yana farawa ne da mahalbi, wanda ya bi nama har ya tarar da ruwa, ya zauna. Sarki yana mulkin mutane, yana karɓar haraji. Amma sha'anin daji da ruwa da shuka yana hannun gidajen da suka gada, masu laƙabin sarkin baka, sarkin ruwa da sarkin noma.

Al'adar da ta fi bayyana wannan tsari ita ce buɗin daji, wadda aka sani a Adar da Arewa da Gobir da Katsinar Maraɗi. Kalmar da kanta hujja ce: abin da ake buɗewa, to a rufe yake. Tun daga faɗuwar damina har ranar da masu ƙasa suka yi bukin, ba a fita farautar taro, kuma wannan lokaci ya haɗa da watannin da zabin daji ke ƙyanƙyasa. Haka nan su, wato kamun kifi na taro, ba a shiga sai sarkin ruwa ya ba da izini. A Masalata, kusa da Birnin Ƙonni, Azna sun riƙe taron arwa na shekara-shekara, inda ake duba yadda damina mai zuwa za ta kasance.

Ba mu ce waɗannan al'adu « kiyaye muhalli » ne irin na yau ba. Asalinsu alkawari ne tsakanin mazauna na farko da iskokin wurin, kuma mahalbin da ya kashe kura yabo ya samu. Ƙarancin mutane da rashin bindigar zamani su ma sun taimaki namun daji. Amma tsarin yana da siffofi biyu da suka shafi zancenmu: mai dajin sananne ne, yana kwana cikin gari; lokacin hani da na izini kuma kowa ya san su. Shamuwa misali ce da ta wanzu: tana sheƙa a tsakiyar gari ba mai taɓa ta, don ita ke bushara da damina, alhali ba wata takarda da ta tilasta haka.

2.2. A watan Mayu na 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta ƙone Birnin Ƙonni ta yi kisa mai yawa. Yarjejeniyoyin 1904 da 1906 tsakanin Faransa da Ingila suka tabbatar da yankin a hannun Faransa. Dokar da ta sauya matsayin daji ita ce ta 4 ga Yuli 1935, wadda ta tsara dazuzzukan Afirka ta Yamma ta Faransa: ta keɓe wasu wurare, ta kuma jera itatuwan da ba a sarewa sai da izini. A wannan shekara ce kuma dokar 15 ga Nuwamba ta ƙarfafa ikon gwamnati a kan abin da ta kira « terres vacantes et sans maître », wato filayen da ba kowa a kai, ba kuma mai su. A Adar kuwa irin wannan fili da wuya a same shi: ko dai saura ce ta wani gida, ko makiyaya, ko dajin wata zuriyar mahalba.

Yadda Hausa ta karɓi sabon tsarin abin lura ne. An kira keɓaɓɓen daji « gandun daji ». Gandu kuwa ita ce babbar gonar gida, wadda mai gida ke iko da ita, sauran mutanen gida su yi mata aiki. Gandun sarki kuma talakawa ke nome shi ba don sun so ba. Wato harshen ya faɗi gaskiyar lamarin: daji ya zama gandun wani, kuma wannan wanin shi ne gwamnati. Bayan samun mulkin kai a 1960 ba a sauya wannan tushe ba. Doka mai lamba 74-7 ta 4 ga Maris 1974 ta riƙe jerin itatuwan da aka hana, ciki har da gawo, kuka, tsamiya, giginya da goriba, ko da a cikin gonar mutum suka tsiro.

Sakamakon ba shi ne wanda masu doka suka nufa ba. Manomin da ya bar ɗan gawo ya girma a gonarsa ya jawo wa kansa neman izini kafin ya sassaƙe reshe, da kuma tsoron tara. Dabarar da ta rage masa ita ce ya cire tsiron tun yana ƙarami, lokacin sassabe. Mahalbi kuma, wanda a da shi ke buɗe daji, ya koma mai laifi a idon doka. Ba daidai ba ne a ɗora wa doka dukan laifi: yawan jama'a ya ƙaru, gonaki sun cinye saura, bindiga da mota sun shigo farauta, sa'an nan farin 1973 da na 1984 suka kashe itace da dabba. Amma dokar ta cire wa mutanen gari dalilin tsaron abin da ya rage, a daidai lokacin da aka fi bukatar tsaron.

3. Zamanin furoje

3.1. Bayan farin 1973 gwamnati da masu ba da agaji suka fara neman talaka ya « sa hannu ». Tun 1975 ranar 3 ga Agusta ta zama ranar dashen itace. A wannan shekara ce kuma ƙungiyar CARE da ma'aikatan daji suka fara dasa layukan kare iska a saman kwarin Majiya, cikin ƙasar Buza: dogon yaro layi bibbiyu, tsakanin wannan jeri da wancan kamar mita 100. Ko da yake Buza ba ta cikin gundumominmu uku, kwarin ɗaya ne, darasin kuma ya shafe su. Itatuwan sun kama, iska ta ragu, hatsi ya ƙaru a tsakanin layukan. Sai dai an ɗauki masu gadi ana biyan su, an hana dabbobi shiga, abin da ya ƙuntata wa makiyaya da mata masu awaki. Da itatuwan suka isa sara cikin shekarun 1980, sai tambayar da aka jinkirta ta taso: itacen na mai gonar ne, ko na garin, ko na gwamnati? Sai da aka yi doguwar tattaunawa kafin a danƙa saran da rabon kuɗin ga ƙungiyoyin ƙauyuka.

Taron ƙasa a kan yaƙi da hamada, wanda aka yi a Maraɗi a watan Mayu na 1984 zamanin Seyni Kountché, ya amince a fili cewa ba za a ci nasara ba sai da jama'a. A shekarar ce aka fara babban furojen Keita da kuɗin Italiya da taimakon hukumar FAO, inda dubban mutane, yawancinsu mata, suka jera duwatsu suka haƙa ramuka ana biyan su da abinci. An farfaɗo da ƙasa mai yawa, an kuma ceci gidaje daga yunwa. Amma a ma'aunin da muka ɗauka, wannan gayya ce wadda furoje ke kira, furoje ke ciyarwa. A filayen da ba a fayyace mai su ba, gyaran aikin bayan tafiyar furoje ya zama matsala.

3.2. A ƙasar Illela ne lamarin ya juya. A 1988 aka fara wani shiri na tare ruwa da gyaran ƙasa da kuɗin asusun FIDA, a wajen Badagishiri. A 1989 shirin ya kai manoma 13 ziyara ƙasar Yatenga ta Burkina Faso, inda suka ga yadda Mosawa suka inganta ramukan shuka da suke kira « zaï ». Irin wannan rami ba baƙo ba ne a Adar, ana kiran sa tassa, sai dai ƙarami ne, an kuma yi sakaci da shi. Abin da suka gano sabo shi ne a faɗaɗa ramin, a zurfafa shi, a tara ƙasar da aka fitar a gefen gangare don ta tare ruwa, a zuba taki a ciki tun da rani. Takin yana jawo gara, gara tana huda ƙasa, ruwan farko ya samu hanyar shiga. Gani ya kori ji: da suka komo, wasunsu suka gwada a kan hekta 4 na fako, ciki har da wata gona a bakin babbar hanya inda kowa ke gani. A 1990 aka yi hekta 70. Shekarar ta zo da ƙarancin ruwa, masu tassa ne kaɗai suka girbe abin kirki. Cikin ƴan shekaru aka komo da kusan hekta 4,000 cikin noma.

Ba a bukaci mai gadi ba, domin kowa a gonarsa ya haƙa. Alamar da ta fi nuna cewa abin ya zama na mutane ita ce kasuwa: fako, wanda a da ko kyauta ba a so, ya fara tsada, ana saye ana sayarwa, samari kuma suka ƙware a haƙar tassa ana ɗaukar su ƙodago, wasu har suka rage tafiya cin rani. Ƙwayoyin itace da ke cikin kashin dabbobi suka tsiro a ramukan, manoma suka bar su. A ƙauyen Batodi na ƙasar Illela, an auna cewa ruwan rijiyoyi ya hau da kamar mita 14 tsakanin 1994 da 2004, har mata suka buɗe lambuna. Wannan ya zo daidai da yaɗuwar sassabin zamani daga Maraɗi, wato barin kututture ya tofo a gyara shi, wanda aka ƙiyasta ya shafi kusan hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. A wurare da dama na wannan yanki manoma suna ba da labarin komowar zomo da zabin daji, tun da sun samu maɓoya.

Doka ta biyo baya a hankali. Dokar 21 ga Agusta 1992 ta ba ƙauyuka ikon kafa kasuwannin itacen wuta. Kundin dokokin karkara na 2 ga Maris 1993 ya amince da haƙƙin gado a kan gona, ya kafa kwamitocin kula da filaye. Dokar daji ta 8 ga Yuni 2004 ta maye gurbin ta 1974, ta buɗe ƙofar danƙa riƙon dazuzzuka ga ƙananan hukumomi da ƙauyuka.

Wajibi ne mu faɗi ɗaya gefen. Mai kuɗin sayen fako da biyan ƴan ƙodago da mallakar dabbobin taki shi ya fi cin riba. Fakon da aka mayar gona kuwa a da hanya ce da wurin kiwo ga Fulani da Buzaye. Wato mai gayya ya samu, amma wani ya rasa ba a tambaye shi ba.

4. Tabkuna da tsuntsaye

Manyan namun daji sun ƙaurace wa yankin, abin da ya rage mai yawa shi ne tsuntsayen ruwa. Abin mamaki kuma, manyan mazaunansu sababbi ne. Don shayar da filin noman rani na Ƙonni, wanda ya haura hekta 2,000, an gina madatsun ruwa na Mozage da Zango a kan Majiya, da matarar ruwa ta Cerasa kusa da birni, a ƙarshen shekarun 1970 da farkon na 1980. Tabkin Ɗan Dutsi kuma, da ke wajen Bagaruwa (ƙasar da ke cikin gundumar Illela har 2011), ɗan ƙaramin tabki ne mai ƙafewa kafin ruwan daminar 1974 ya cika kwarin ya zaunar da shi. Ƙidayar tsuntsaye da aka riƙa yi da sanyi cikin shekarun 1990 ta nuna muhimmancin waɗannan wurare ga balbela, zalɓe, kirinjijiya da dinya, da kuma agwagin ruwa da ke zuwa daga Turai da Asiya su yi hunturu. A kan haka ƙungiyar BirdLife ta sa Mozage, Cerasa da Ɗan Dutsi cikin jerin wurare masu muhimmanci ga tsuntsaye, a 2005 kuma aka sa Ɗan Dutsi da Tabalak cikin jerin yarjejeniyar Ramsar.

To a nan tambayarmu ta fi wuya. Tabkin da ya girmi mutanen gari yana da sarkin ruwa na gado. Wanda aka haifa a 1974 ko aka gina da siminti ba shi da shi. Masu amfani da shi kuwa suna da yawa: manoman filin noman rani na son ruwa, masunta na son kifi, makiyaya na son mashaya da burtali, masu lambu na bin ruwa yana janyewa suna dasa rogo da dankali da albasa, mata na neman itace a kurmin bagaruwa inda tsuntsaye ke kwana. Zaman tsuntsayen ma ya dogara da wannan cuɗanya, don kashin shanu da ke shiga ruwa shi ke ciyar da ƙwari da ƙananan kifi da suke ci. Saboda haka kewaye tabki a kori jama'a ba magani ba ne. Barin sa ba mai shi kuma ya bar ƙofa a buɗe ga sare kurmi, da maganin ƙwari na lambuna, da babbar cutar da ta fi duka, wato cikewa da rairayi.

A nan ne zancen sashe na 1 ya komo. Rairayin da ke cike Mozage daga fakon tudu yake fitowa. Manomin da ya haƙa tassa ko ya jera duwatsu a saman kwari yana tsare ruwan mai albasa na Ƙonni da mazaunin kirinjijiya, alhali ba ya shan ko ɗaya daga ribar. Yarjejeniyar da Nijar ta sa wa hannu da hukumar MCC ta Amurka a 2016 ta tanadi gyaran filin noman rani na Ƙonni. Amma gyaran magudana ba ya hana tudu zubo da rairayi. A ƙasan kwarin kuma akwai mutanen Kalmalo, waɗanda ruwan da aka tare a sama ya shafa. Don irin wannan ne yarjejeniyar Maiduguri ta 1990 tsakanin Nijar da Najeriya ta ambaci kwarin Majiya cikin ruwayen da za a raba da adalci.

Kayan aikin doka suna nan: kwamitocin filaye na gunduma da na ƙaramar hukuma da na ƙauye, dokar farauta da kare namun daji ta 29 ga Afrilu 1998, da dokar kiwo ta 20 ga Mayu 2010. Akwai kuma misali a cikin ƙasa. Raƙuman dawa na yankin Kure, gabas da Yamai, sun ragu har zuwa 49 a 1996. Suna zaune ne cikin gonakin mutane, suna cin wake. Da aka haɗa tsaronsu da amfanin ƙauyuka (aikin jagorar baƙi, rijiyoyi, ƙananan rance) sai suka haura 600, har aka kai 8 gandun Gadabeji a 2018. Tsuntsun tabki ba ya jawo baƙi kamar raƙumin dawa, don haka ribar da za ta ɗaure mutane da tabki sai dai ta fito daga kifi, ruwa da ciyawa.

5. Kammalawa

Mun ga matakai uku. A na farko daji yana da mai shi cikin gari. A na biyu ya zama gandun gwamnati, talaka ya janye hannunsa. A na uku aka kira shi gayya, bai kuma tsaya da gaske ba sai a inda gonar ta zama tasa. Tabkuna suna jiran nasu mataki, kuma ba zai yiwu a kwafi na tassa kai tsaye ba, tun da tabki ba ya rabuwa gida-gida. Abin da ya fi kusa da shi cikin tarihin yankin shi ne tsohon tsarin buɗewa da rufewa: hukuma sananniya wadda ke zaune a bakin ruwan, da lokutan hani da kowa ya sani, sai dai a wannan karo da kujerar makiyayi, da ta mace, da ta manomin tudu.

Mu masu nazarin harshe muna da namu rabo. Na farko, yarjejeniyoyin amfani da tabki su kasance an tsara su cikin Hausa tun farko, da boko da ajami, da Fulatanci da Tamajak inda ya kamata, maimakon a fassara su bayan an gama. Na biyu, a gaggauta tattara sunayen tsuntsaye da namun daji da ƙa'idojin farauta da su daga bakin tsofaffin mahalba da masunta na Ƙonni da Adar, tun suna raye. Na uku, duk tafintan da aka ba kalmar « participation », kafin ya ce « gayya », ya nemi masu takardar su faɗa masa wanda zai girbe, ya kuma faɗa wa jama'a amsar yadda aka ba shi.